Jirgin Baba Tirela Ya Bar Tsakar Gida

SHAFI NA 17

Masu turo min "Baba ina ci gaba, Baba ka bar mu a rataye", na gani, duk na gani. Ku da kuke da yatsu goma da takardun makaranta ko layi ɗaya ba ku rubuta ba. Ni da ban taɓa zama a aji ba, da yatsa ɗaya nake buga muku wannan, bayana na sara. Likita biyu suka ce ba zan ƙara tashi ba, ga ni ina ba ku labari. To ku gyara zama.

Shekara biyu cif ɗan jirgin ruwan nan ya yi a tsakar gidan Baba Tirela. Kaji na kwana a ƙarƙashinsa, mutanen layi na kiransa jirgin tudu. Baba Tirela da amininsa Kafinta suka liƙe shi, suka fente shi, suka ɗaura masa inji. Yau za a kai shi tafki karo na farko. Kuma tsohon direban ya riga ya rantse a gaban kowa cewa shi zai ja shi da a-kori-kurarsa, shi zai sauke shi a ruwa da ribas.

Abin da mutanen layi ba su sani ba, idonsa na hagu ya mutu wata takwas ke nan. Na dama ma hayaƙi ya fara rufe shi. Abu babba in yana gabansa yana gani, amma in ya kalli madubi haske kawai ne. Duk duniya Kafinta kaɗai ya sani. Shi ke zama a gefensa duk inda za su, da fensirinsa na aiki a hannu. In ya buga dashbod sau ɗaya, a taka birki. In ya buga sau biyu, hanya a buɗe take.

Da haka suka yi wata takwas ba su taka ko kaza ba.

Tun da gari ya waye Baba Tirela yake tsugune a gindin 'yar tirelar da jirgin ke kai. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, amma hannu bai manta aikinsa ba. Ya cusa giris a boris ɗin cibiyar taya da ɗan yatsa. Ya ɗauki sandar ƙarfe ya bubbuga tayoyin yana saurare, don shi da kunne yake auna iska. Ya zaunar da bakin tirelar a kan ƙwallon ƙarfen da ke bayan mota, ya ji ta ce ƙwas, ya soka fil, ya gitta sarƙa biyu ta ƙasa.

"Kafinta, ka sa matoshin ramin bayan jirgi?"

"Na sa."

"Ka murɗa?"

"Direba, sau uku ke nan kana tambayata. Na murɗa har hannuna ya yi tsami."

"Zan tambaya sau goma. Ruwa in zai shigo ta ramin nan ba sallama zai yi mana ba."

Kafinta ya koma bayan jirgi. Ya ɗaga ƙafar injin sama ya tokare, ya ɗaura jan tsumma a jikin farfela, sannan ya zauna a kan bokiti yana murza wuyansa. Tun da aka fara tafiyar nan ta fensir wuyansa ke ciwo, saboda waige-waige.

A lokacin ne suka ji mota ta tsaya a ƙofar gida.

Baba Tirela bai ga motar ba, amma ya san ƙarar injin. Motar makarantar koyon tuƙi ce, ta Auta, 'yarsa ta ƙarshe. Shi ya koya mata sitiyari tun ƙafarta ba ta kai kuloci ba. Yanzu ita ke koya wa mutane, ita ke kayar da su. Kuma abin da take fara yi wa kowane ɗalibi, ta tsayar da shi daga nesa ta ce ya karanta lambar mota.

"Baba ina kwana. Baba Kafinta ina kwana."

"Lafiya. Wa ya mutu?"

"Sai an mutu zan zo gidan ubana?"

"Ranar aiki ce yau."

"Na ba ɗalibai hutu. Shekara biyu kana cika mana kunne da jirgi, in bari a sa shi a ruwa ba ni?"

"Mota ba wuri."

"Kujerar gaba ta mutum uku ce. A tsakiya na girma."

Baba Tirela ya dafe makullin da ke aljihunsa. Ku yaran yanzu ba za ku gane ba. In Auta ta san zancen idon nan, yau makulli zai bar aljihunsa, kuma ba zai dawo ba. Ya ga abokansa direbobi da aka karɓe musu makulli. Benci ake kafa musu a ƙofar gida, su yini suna jiran wanda zai gaishe su.

Auta ta zagaya jirgin tana jan igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta motsa.

"Ɗaurin nan dai naka ne Baba."

"Shekara arba'in da ɗaya ina ɗaure kaya, ko buhu ɗaya bai taɓa faɗo min ba."

"Shiga ka taka birki in duba fitila."

Ya shiga ya taka.

"Ta hagu ba ta kamawa."

"Na gani tun ɗazu, ina sane. Waya ce ta saki."

Bai gani ba. Kafinta ma bai lura ba. Auta ta tsuguna ta murɗa wayar, ta naɗe da salatif. Suka jefa rigunan ruwa da filafili da jarkar mai a cikin jirgi, suka shiga gaba su uku, kafaɗa na gogar kafaɗa.

Tas, tas, in ji fensir.

Baba Tirela ya saki kuloci a hankali. Kan mota ya fita ƙofar lafiya. Sai suka ji ƙiiii daga baya, madigadin hagu na tirelar ya gogi ginshiƙin ƙofa.

"Baba!"

"Ƙofar nan dama a karkace aka gina ta. Na faɗa wa magini tun ranar."

"Shekara ashirin kana fita ta cikinta."

"Ba da jirgi ba."

Layin ya yi tsit, shaguna a rufe. Kafinta ya ce ai maƙwabcinsu Mai Shago ya kwashi mutane a bas tun da safe, sun yi gaba tafki, wai ba za a ba su labari ba. Baba Tirela ya ce madalla, su je su kama wurin zama mai kyau.

Tuƙi da jirgi a baya ba wasa ba ne, ni na san wannan. Motar da ka sani sai ta zama baƙuwa. Ka taka birki, abu ya turo ka. Ka sha kwana, wutsiya ta biyo ta inda ba ka bi ba. Baba Tirela yana tafe a giya biyu, ya rungume sitiyari, ya miƙa wuya gaba kamar mai leƙen rijiya. Zufa na bin bayan kunnensa.

Tas, tas. Suka wuce mahaɗa.

Tas. Suka tsaya wa fitila.

Tas, tas.

Auta tana zaune a tsakiya, hannu a cinya. Da farko tana surutu, tana tsokanar Kafinta kan hularsa mai fenti. Can sai ta bari, ta zuba wa fensirin ido.

A babban shataletale abin ya faru. Wani mai keke ya ɗauko tsani a kafaɗa, ya ɓullo ta hagu. Kafinta yana can yana duba dama, wuya ya ƙage, bai juyo da wuri ba.

"Baba birki!"

TAS!

Muryar Auta ta riga fensirin. Motar ta tsaya cak, jirgi ya zaburo, sarƙa ta yi ƙara, fulas ɗin shayi ya gangaro ƙarƙashin ƙafa. Ƙarshen tsanin ya shafi madubi ya wuce. Mai keken ya juyo ya zazzaga musu abin da ba zan rubuta a nan ba, saboda akwai mata masu karantawa.

"Ɗan banza," in ji Baba Tirela. "Na gan shi, so nake ya ji tsoro."

Kafinta ya sunkuya ya ɗauko fulas ɗin.

Da suka fita gari ya gangara gefen titi ya tsaya. Ƙa'idarsa ce tun yana jan manyan motoci, in an yi 'yar tafiya a sauka a taɓa cibiyar taya. In ta yi zafi, boris zai ci. Ya fito yana dafa jikin mota, ya tsuguna da ƙyar, ya ɗora tafin hannu. Ɗumi kawai. Ya daɗe a tsugune, don tashin ne aiki.

"Baba Kafinta."

Muryar Auta ce, daga hagunsa. Sai da ya juya jikinsa gaba ɗaya kafin ya ga inuwarta.

"Na'am 'yata."

"Fensirin nan fa?"

"Wanne?"

"Wanda kake buga wa mota."

"Sabo ne. Hannu ya saba da guduma, ba ya iya zama haka kawai."

"Sabon da ya san lokacin taka birki?"

Kafinta ya yi tari, ya ce bari ya duba igiyar gaba. Ya zagaya ɗaya gefen jirgin ya tsaya a can.

"Baba."

"Mene ne?"

"Na ƙirga. Sau goma sha ɗaya ya buga ɗaya, sau goma sha ɗaya ka tsaya."

"To ki je ki ƙirga motocin titi ma, tunda ba ki da aikin yi."

"Tunda muka fito ba ka kalli madubi ba ko sau ɗaya. Kai da ka mare ni a kan madubi."

"Ban mare ki ba, dungure ki na yi."

"Baba me ya sami idonka?"

Ya miƙe. Gwiwa ta ce ƙas, bai kula ba.

"Ke! Ni kike tambaya? Ni ne fa na sauko da tirela daga kan dutse ba birki..."

"Da siminti buhu ɗari shida. Na sani."

"Ni aka zaro daga..."

"Daga ƙarƙashin tanka, kana tambayar ina hularka. Na sani Baba."

"Gada ta karye da ni..."

"Ka fito da ƙafarka, ka taimaka aka ciro sauran. Tun ina goye nake jin su. Ban ce ba ka yi ba. Yau nake tambaya."

Labaran nan uku su ne makamansa. Da su yake rufe bakin kowa a wurin hira. Yau ta karɓe su ɗaya bayan ɗaya ta ajiye a gefe, ya tsaya hannu biyu babu komai.

"Ga mota can a tsaye gaban gidan mai. Karanta min lambarta."

"Yaushe na iya karatu? Ko kin manta ubanki bai yi boko ba?"

"Lamba ka iya. A bayan motoci ka koya min ɗaya da biyu."

"Ni ba ɗalibinki ba ne."

"Ka ba ni makulli in ƙarasa da mu. Babu wanda zai sani. In ce musu ni na roƙe ka."

Wallahi ya ji maganar ta shige shi. Kafaɗarsa ta yi nauyi, idon da ya rage yana yaji, ba abin da yake so kamar ya koma kujerar gefe ya rufe ido wani ya ja. Sai ya tuna Mai Shago da bas ɗinsa cike da mutane. Ya tuna bencin ƙofar gida.

"Rana na yi," ya ce. "Mai tafiya ya shiga. Wanda ba ya tafiya ga titi nan."

Ya zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba. Ta shiga ta zauna a tsakiya.

Sauran hanyar miƙe take, ba kwana, ba jama'a. Fensir ya buga sau uku ko huɗu kawai, a sanyaye, kamar mai jin kunya. Ƙamshin ruwa ya riga tafkin isowa. Mai gadi ya ɗaga musu sanda, sai ga ihu.

"Ga jirgin tudu! Ga jirgin tudu ya iso!"

Mutanen layi ne, sun jeru a ƙarƙashin inuwa. Mai Shago ya taho da gudu yana buga jikin mota.

"Baba Tirela, yau za mu ga ribas ɗin da ake ba mu labari! Na ce wa yaran nan su buɗe ido, irinsa ba a makaranta ake koya ba!"

"Ku matsa min kawai. Kar in taka wani a ce na yi ganganci."

Gangaren siminti ne ake sauke jirage ta kansa, siriri, ya miƙe har cikin ruwa. Ta dama akwai katanga. Hagu babu komai, gefe ne a yanke, ƙasa duwatsu. Tayar tirela in ta zame ta nan, jirgi ya kife a kan dutse, shekara biyu ta tafi a banza. Wannan Kafinta ya riga ya faɗa masa tun makon jiya da ya zo ya auna wurin da taku.

Ya juya motar, ya saita bayanta da ruwa, da ƙiyasi da taimakon fensir. Auta ta sauka. Ya ji tana kwance igiyoyin baya, tana cire tsumman farfela. Wata mota mai jirgi ta iso ta tsaya tana jiran layi.

Ya kalli madubin hagu. Rana ta bugi ruwa, ruwa ya bugi madubi. Fari fat.

"Kafinta," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka leƙa da kyau. In na yi kusa da gefe, ɗaya. Ka ji?"

Kafinta ya kau da kai wajen taga.

Ya taka kuloci, ya sa ribas. Giya ta shiga sumul, kamar yadda take shigar masa tun yana saurayi.

"Baba!"

Daga can baya muryar ta zo, ta hagu, wajen tayar tirela.

"Ki matsa daga nan!"

"Zan matsa. Abu ɗaya zan tambaye ka, in ka faɗa na matsa, kuma wallahi ba zan ƙara ɗaga maka zancen nan ba har abada."

Mutanen inuwa suka fara yin shiru.

"Ka kalli madubi. Hannu nawa na ɗaga, ɗaya ko biyu?"

Mai Shago ya kwashe da dariya.

"Malama ta kawo jarrabawa har bakin ruwa! Baba ba ta amsa mu ga aiki!"

Baba Tirela ya kusa yin murmushi. Ɗaya ko biyu. Ai yarinyar nan da kanta ta miƙo masa amsa. Bai juya ba, bai motsa leɓe ba, ya kasa kunne wajen dashbod.

Shiru.

Ya yi gyaran murya.

Shiru.

"Kafinta," ya ce ta gefen baki.

Babu tas ko ɗaya. Ƙafarsa ta hagu tana kan kuloci, ta dama tana kan birki. Mai motar da ke jira ya danna hon. Wani daga inuwa ya ce ko Baba ya yi barci ne. Ya ƙura wa madubin ido har hawaye ya taru, ko zai ga inuwa, ko zai ga motsi. Haske kawai.

Mutumin da ya sauko daga dutse ba birki ba zai tsaya a kan ɗaya da biyu ba. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Biyu! Hannu biyu kika ɗaga! Yanzu ki matsa min!"

Babu wanda ya yi dariya. Babu wanda ya tafa.

"Baba."

A hankali ta faɗa. A kunnensa na hagu, dab da taga, har yana jin numfashinta.

"Ban ɗaga komai ba. Ina gama tambaya na taho. Tun ɗazu nake tsaye a nan gefenka, hannuna a kan ƙofa."

Bai juya ba. Ya ji hannunta ya shigo ta taga, ya wuce gabansa, ya ja birkin hannu. Bai ga hannun ba, ƙarar kawai ya ji. Ya sauke ƙafafunsa, mota ta yi tsalle ta mutu.

Ya daɗe yana riƙe da sitiyari. Sannan ya juya dama, inda yake iya gani. Kafinta yana zaune, ya sunkuyar da kai, fensirin yana soke a aljihun rigarsa.

"Shekara hamsin muna tare," in ji Baba Tirela. "Bugu ɗaya na nema a wurinka. Me ya hana ka?"

Kafinta ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Auta ba ganin jirgi ta zo yi ba, Direba."

"Me kake nufi?"

"Ni na kira ta jiya. Na gaji."